Wasiƙar Tela

A Kew ba a shiga da biro.
Fensir kaɗai, da jakar leda mai tona asirin cikinta,
sai hannuwa biyu da aka wanke.
Na kulle rigar sanyina a akwatin ƙarfe,
na zauna a tebur na talatin da ɗaya
ina jiran a turo mini matattu a kan amalanke.

Farfesa Halliwell da awa take biyana.
Littafi take yi kan majalisun duniya,
ta fari da yaƙi ya ci,
da ta biyu da ta gaji kujerunta har da bashinta.
Ta ce, "Uwani, ƙirga mini koke-koken
da talakawan ƙasashen riƙon amana suka aika.
Shekara, gari, dalili, sakamako.
Gida huɗu. Kada ki tsaya karatu,
kuɗin aikin sun kusa ƙarewa."

Kwana tara ina ƙirga.
Haraji. Haraji. Alƙali. Rijiya. Haraji.
Takardu masu warin tsohon rumbu,
tsatsar ƙusa ta ci kunnen kowace ɗaya.

Ran Laraba, ana yayyafi a kan tafkin da ke ƙofa,
na buɗe jaka ta sha bakwai,
sai ga ajami.
Tawadar gida, ta koɗe ta koma ruwan goro,
an manna mata fassarar wani akawu, layi biyu rak:
mai ƙara yana kuka da iyaka.

Amma ba haka ya ce ba.
Na karanta da yatsa, yadda Inna ta koya mini:

"Daga Jingi tela, kasuwar Mubi,
zuwa ga Majalisar Ɗinkin Duniya. Gaisuwa.
An ce mini ku maɗinka ne. To, ni ma haka.
Wanda ya yanka ƙyallen nan bai auna ba.
Gonata na hannun Ingilishi,
kabarin uwata na hannun Faransa,
ƙanwata sai ta nuna takarda kafin ta kawo mini fura.
In za ku ɗinke, ku sa zare mai kama da yadin.
In allura ta yi muku ƙaranci, ina da guda uku."

Na yi dariya, wani dattijo mai gilashi ya harare ni.
Daga nan dariyar ta juye a maƙogwaro,
na kau da fuska don kada in jiƙa kayan gwamnati.

A bayan takardar, jan fensir:
an gani, a ajiye.
An kuwa ajiye. Shekara saba'in ba ta ko yage ba.
Nan ba a wasa da adana abin da ba a amsa ba.

Gida na uku, dalili. Me zan rubuta?
Iyaka? Fura? Allura uku?
Gidan bai fi faɗin ƙumbata ba.

A jirgin komawa, da muka hau gadar Thames,
na aika wa Farfesa hoton da tawa fassarar.
Ta amso kafin Hammersmith:
"Ya yi kyau ƙwarai. Wataƙila a ƙasan shafi.
Nawa muka samu jimla?"

Ɗari biyu da sha ɗaya, ranki ya daɗe.
Ɗari biyu da goma, da Jingi.

Da dare na kira Inna a Jimeta.
Ta ce ba ta san shi ba, telolin Mubi yawa gare su,
ta tambaye ni ko na ci abinci,
ko har yanzu aljihun rigar sanyin a yage yake.

A yage yake.
Na kashe wayar, na nemo allurar da ta cusa mini a jaka ranar tafiya.
Baƙin zare ne da ni, rigar kuwa toka-toka.
Na riƙe su a ƙarƙashin fitila, na daɗe.
Gobe kafin aiki zan biya kanti.